Ɗorawar Inna a Gonar Baffa Isa

'Ya'yana, yau mun iso shekarar da kuke kira shekarar yawon daji. Na san abin da kuke faɗa idan kun taru ranar Sallah, kuna tsammanin barci nake yi a ɗaki: wai da Umma ta tafi kwas ɗin Kaduna, da yanzu ita ce darakta, ga mota ga direba. Ban ce kun yi ƙarya ba. Amma ku ƙanana ne a lokacin. Abin da kuka gani kawai shi ne uwarku ta fita da sassafe, ta dawo da ƙaya a zane, leɓe duk garin ɗorawa. Bari in nuna muku abin da ni nake gani.

Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, bai daɗe da rasuwa ba muka koma gidan Yaya Sani a Gusau, ni da ku. Inna, kakarku, tana can tare da shi tun bayan rasuwar Baba. Ni kuwa na samu aiki a wani shagon buga takardu kusa da kasuwa. Kun san ni da littattafan soyayya. Tun ina budurwa nake karɓar hayarsu, ina ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, ina kuka a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba. To sai Allah ya kawo ni inda samari da 'yan mata masu son zama marubuta ke kawo rubutunsu na hannu in buga musu a kwamfuta. Ina bugawa ina share hawaye, wani lokaci in ɗaga kai in ce wa marubucin, don Allah kada ka kashe ta. A nan hannuna ya yi sauri. A nan kuma wata mata ta same ni, doguwa, mai tabarau da ɗan kwali ɗaure ta baya. Madam Rifkatu ke nan, mutuniyar Filato, Hausa a bakinta kamar ta Inna. Ta zo ɗaukar hoton takardu, ta tsaya a bayana tana kallon yatsuna.

"Baiwar Allah, idonki na kuka, hannunki na gudu. Wanne ne ba ya sanin abin da ɗaya ke yi?"

Na ce mata duk biyun sun sani. Ta yi dariya, ta ce in same ta a ofishinsu.

Ofishin na wata ƙungiyar manoma ne, ɗaki biyu da fanka mai ƙara. Ƙungiyar ta samo shirin noma da tarakta ga gonakin mambobinta a ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Amma tarakta ba ta son kututture, ba ta son itace a tsakiyar gona. Don haka kafin ruwan farko ya sauka, katafila za ta bi gonakin da masu su suka yarda, ta tumɓuke abin da ke tare hanya. Aikin Madam shi ne ta gina rumbun bayanai a kwamfuta, wanda zai san kowace gona, iyakarta, mai ita, da abin da ke cikinta, yadda direban katafila ba zai shiga gonar wani bisa kuskure ba. Aikina ni in zuba bayanan da ma'aikata ke kawowa daga ƙauyuka. Akwai kuma Lawali, matashin malamin gona, shi ke jagorantar masu awo.

Ba zan manta ranar da Madam ta zaunar da ni ta buɗe mini abin ba. Ta ɗauki alli ta zana abu uku a jikin allo: ɗigo, da zare, da fili mai kewaye.

"Duk duniyar nan da kike gani, a cikin rumbun nan abu uku ce. Rijiya ɗigo ce. Itace ɗigo ne. Rafi da burtali da titi zare ne. Gona fili ce. Kowane ɗigo yana da lamba biyu, ɗaya ta ce ga inda yake tsakanin kudu da arewa, ɗaya ta ce ga inda yake tsakanin gabas da yamma. In kin ba rumbu waɗannan, sai ki tambaye shi abin da kika ga dama."

"Ya amsa?"

"In kin iya tambaya. Shi ba ya ƙarya, amma ba ya tausayi. Abin da kika tambaya shi zai ba ki, ba abin da kike nufi ba."

Ta buga wasu kalmomi kaɗan. Ta ce ta tambaye shi: nuna mini duk gonar da ke taɓa rafi a ƙasar Mada. Kafin in ƙifta ido, gonaki suka kunnu a kan taswira, shuɗi bayan shuɗi, suna bin lanƙwasar rafin kamar an jera wa amarya tsakiya a wuya. 'Ya'yana, na karanta sau da yawa inda ake cewa zuciyar yarinya ta tsaya cak da ta ɗaga labule ta ga wanda aka rubuta mata. Ni ina da 'ya'ya uku da takaba a baya kafin in san gaskiya ne, kuma a gaban kwamfuta ya same ni. Na ce ta sake. Ta tambayi rijiyar da ta fi kusa da kowace gona a Wanke, sai ga zarurruka sun miƙe daga gona zuwa rijiya, kowa ya kama nasa. Daga ranar na daina tafiya cin abincin rana. Ina gama zuba bayanai sai in roƙe ta ta koya mini tambaya ɗaya. Ta ga da gaske nake, ta riƙa ba ni. Na koyi cewa kowane irin abu da teburinsa, gonaki a nasu, mutane a nasu, itatuwa a nasu, kuma lamba ce ke ɗaure wannan da wancan. Na koyi tambayar abin da ke ciki, da abin da ke kusa, da abin da ya ratsa. A hanyar gida cikin a-daidaita ina kallon Gusau, ba na ganin gari sai ɗigo da zare. In ga mai shayi in ce ɗigo. In ga kwata in ce zare. Har ku kanku, in kun kwanta a tabarma, sai in ce ga ɗigo uku a cikin fili ɗaya.

Da bazara ta kama, abu biyu suka zo tare. Na farko, waɗanda suka ba ƙungiya tallafi suka aiko da gurbi ɗaya na kwas a Kaduna, na wata da watanni, wanda duk ya gama za a ba shi takardar shaida a ɗauke shi aikin dindindin. Madam ta sa sunana. Na shigo gida ina rawa, Yaya Sani ya yanka zabi. Na biyu, Madam ta gama tambayar da duk aikin ya dogara a kanta. Itatuwan ba a bi su ɗaya-ɗaya ba. Daga hoton tauraron ɗan'adam aka ɗora su, kowace inuwa mai duhu aka sa mata ɗigo. Tambayar kuwa ita ce: duk itacen da ke cikin gonar da mai ita ya yarda, ka mai da shi ja. Ja shi ne abincin katafila. Ta danna, taswira ta fesu da ja kamar an watsa barkono a kan tabarma. Muka tafa. Ni da ɗokina, sai na ce bari in leƙa ƙauyenmu, can gaba da Bilbis, in ga gida daga sama. Na matso, na matso, har na gane gonar Baffa Isa, ƙanen Baba, da siffarta mai kama da takalmi. Ɗigo uku a cikinta, ɗaya a tsakiya, biyu a gefen gabas. Duka ja.

Na san itatuwan nan kamar yadda na san yatsuna. Ɗorawa ce uku. Duk bazara Inna ke shiga mota ta tafi ƙauye ta sa a kaɗo mata, ta dawo da buhunan kalwa, gidan Yaya ya cika da warin daddawa har maƙwabta su yi ta tsiya. Amma ban taɓa tambayar yadda aka yi take ɗibar itacen gonar Baffa ba. Da yamma, muna tsakar gida, Inna na tsince shinkafa, na ba ta labari. Ba ta ɗaga kai ba.

"Isa ya yarda da gonarsa. Wa ya tambaye shi ɗorawa? Ɗorawa tawa ta."

"Inna, ai a cikin gonarsa take."

"Ke ma a cikin gidan Sani kike. Ke tasa ce?"

Yaya Sani ya ƙware da ruwan da yake sha. Inna ta ci gaba da tsintarta, ta ce lokacin da Baba ya nemi aurenta ba shi da saniya ba shi da kuɗi, gandu kuma na mahaifinsu ne ba a raba ba. Abin da ya mallaka shi kaɗai ɗorawa uku ne da kakarsa ta bar masa. Su ya bayar sadaki, a gaban shaidu. A ƙarƙashin ta tsakiya ya tsaya ya nuna mata su. Da aka raba gandu, wannan ɓangaren ya faɗa wa Baffa Isa, ƙasa tasa, itace na Inna, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin mamaki a ciki. Ni kuwa na dafe ƙirji. Duk littattafan da na karanta, an ba da zobe, an ba da mota, an ba da gidan sama, ban taɓa cin karo da wanda ya ba masoyiyarsa inuwa uku ba. Na ce Inna, ashe ke ce tauraruwar labarin kina zaune kina tsintar shinkafa.

"Ke da littattafanga naki. Miƙo min faifai."

Washegari na riga mai shara zuwa ofis. Da Madam ta shigo na faɗa mata a tsaye, ban ko gaishe ta da kyau ba. Ta cire tabarau ta zauna. Sai ta ce a garinsu ma akwai irin wannan, itacen wani a ƙasar wani, kakarta na da guda, amma da ta zauna gaban kwamfuta sai abin ya fita daga kanta, don taswira na nuna ɗigo a cikin fili, hankali kuma sai ya ce na ciki na mai gida ne. Ta kira Lawali. Ya ce ai ko ina haka ne, ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, da yawansu na mata ne, gado ko kyauta ko sadaki. Shi bai kawo ba ne don takardar awo ba ta tambaya ba. Na zaci Madam za ta ɓata rai. Sai na ga idonta ya kama wuta. Ta goge allo kaf.

"To mun yi wa rumbu tambayar da ba ita ba. Mun ce ina itace yake. Ba mu ce na wa ne ba. Inda abu yake daban, mai shi daban. Zo ki riƙe alli."

Muka zana tebur na itatuwa a hagu, na mutane a dama. Na ce sai mu ƙara wa kowane itace gurbin sunan mai shi. Lawali ya ce akwai tsamiya a garinsu ta 'yan'uwa mata huɗu, wa za a rubuta? Madam ta ce shi ya sa ba za mu cusa suna a jikin itace ba. Ta zana ƙaramin tebur a tsakani, wanda ba ya ɗauke da komai sai lambar itace, da lambar mutum, da yadda aka yi ya zama nasa. Itace ɗaya zai iya shiga sau huɗu, mace ɗaya za ta iya shiga sau goma. Na tsaya ina kallonsa, sai na ce wannan ai teburin ɗaurin aure ne, ga ango ga amarya ga sadaki. Madam ta yi dariya har ta riƙe ciki, kuma sunan da ta sa masa ke nan a cikin kwamfuta. Na ji an ce har yau haka yake a ofishin, sababbin ma'aikata na tambayar dalili.

Murna ta ƙare a inda aikin ya fara. Tauraron ɗan'adam na ganin inuwa, ba ya ganin sadaki. Dole mutum ya taka ya je ya tambaya. Masu itatuwan kuma yawancinsu suna cikin gidajen da Lawali da masu awonsa ba sa wuce zaure. In sun tambayi maigida zai ce komai nasa ne, ba don mugunta ba, don haka ake amsa wa baƙo. Madam ba za ta iya barin kwamfuta ba. Mace ɗaya ta rage a ofishin, ni ke nan. Katafila kuma ba za ta jira ba, don in ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙe, shirin bana ya wuce. Kwas ɗin Kaduna a daidai wannan tsakanin ya faɗo. Madam ta rufe ƙofa ta dube ni.

"Ba zan ce ki zauna ba. In kin tafi ba ki yi laifi ba, kina da marayu. Kuma kada in ruɗe ki, gurbin nan ba ya dawowa. In ba ke ba Lawali ne."

A gida kowa ya ce in tafi. Yaya Sani ya ce Bilki, ki yi hankali, takarda ita ce mijin bazawara. Ya ce zai je da kansa ya yi wa Baffa magana a bar ɗorawar Inna, shi ke nan. Na ce to na sauran matan fa? Ya ce su ma suna da 'ya'ya maza. Inna ma, da nake tsammanin za ta riƙe ni, cewa ta yi:

"Tahi karatunki, ɗiyata. Itace ne. Wanda ya shuka su ma ya tahi."

Na so in ce muku na yi dogon tunani na auna riba da hasara. Ban yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jan nan da na gani ya cika taswira, da sanin cewa a ƙarƙashin ɗigo da yawa akwai labari irin na Inna, ba wanda ya taɓa bugawa, katafila kuma za ta karanta shi sau ɗaya ta rufe. Na ce wa Madam ta sa sunan Lawali. Ya tafi, ya yi ƙoƙari, Allah ya ɗaukaka shi, shi ne daraktan da kuke gani a mota. Har yau in mun haɗu sai ya fito ya gaishe ni. Ni kuma na ƙare aikina a kujerar da na fara, ana sabunta mini kwantiragi shekara-shekara. Makarantar da kuka so ku shiga ba ku shiga ba, wannan ne sanadi, ba wani abu ba. Ku sani daga bakina.

Amma wayyo daɗin bazarar nan. Lokacin hanya ba ta ɓaci ba tukuna, mace na iya hawa bayan babur ta ratsa daji ba fargaba. Madam ta ba ni na'urar gano wuri, 'yar rawaya kamar ƙaramar rediyo, wadda in ka tsaya ka danna sai ta ɗauki lambobin nan biyu na inda kake. Allah kuma ya taimake ni da lokaci, don daidai kakar ɗorawa ce. Ba sai na bi gida-gida ba. Duk itacen da na hango ana kaɗa da gora mai ƙugiya, matar da ke zaune a gindi tana tara abin da ya faɗo, tana faɗa da masu kaɗa, ita ce mai shi ko wakiliyarta. In na gama da ita sai ta nuna mini na gaba: wancan na Hajiya ne, wancan na marayun wane, wancan kuma kada ki tambaya da ƙarfi, ana shari'a. Matan Wanke suka sa wa na'urar suna rediyon kurame. Wata tsohuwa a wajen Mada ta ce ba za ta faɗi sunanta ba sai abin ya fara faɗin nasa.

Na'urar na da hali ɗaya: a ƙarƙashin ganye mai duhu lambobinta na rawa, sai ta ɗora ka a gonar maƙwabci. A farko na kawo ɗigogin da suka ƙi haɗuwa da na hoton sama, wani ya faɗa tsakanin itace biyu masu iyayen giji daban. Sai muka yi doka ni da Madam: kullum in fita daga inuwa ta gabas, in tsaya daidai inda rana ta fara taɓa ni, a nan zan danna. Ita kuma ta rubuta tambayar da ke cewa, ga ɗigon Bilki, nemo itace mafi kusa da ke yamma da shi. Da muka gwada suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kiran suna ana amsawa. Na yi baƙi ƙirin a rana saboda dokar nan, mata na zaune a inuwa suna ce mini ki shigo mana, baiwar Allah, ko aljanu ne suka hana ki. Da la'asar in dawo ofis in zuba, in zauna in tambayi rumbu don jin daɗi kawai: nuna mini duk itacen da aka bayar sadaki. Sai su kunnu, nan ɗaya, can biyu, daga Bilbis har bakin Bunguɗu. Na taɓa zama ina kallonsu har aka kira magariba. Soyayyar ƙasarmu ke nan a tsaye, da saiwa, ba wanda ya taɓa ganinta gaba ɗaya sai ni.

Ban gama ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ɓangaren Bunguɗu kuma da saura da yawa. Shugaban ƙungiya ya zo ofis da babbar riga, ya ce duk itacen da ba a samu mai shi ba a ɗauka na mai gona ne, a ci gaba. Madam ta ba shi kujera, ta ba shi ruwa, sannan ta ce:

"Ranka ya daɗe, gurbin da ba a cike ba, ma'anarsa ba mu sani ba. Ba mu sani ba kuma ba ta zama na Alhaji ba. Rumbuna ba zai faɗi abin da ba a gaya masa ba."

Ya yi ƙorafi, ya ce mata biyu sun haɗe masa kai, amma ya yarda. Sabuwar tambaya ta fito da kala uku. Ja, itacen da mai shi da kansa ya yarda. Kore, wanda ke da mai shi daban da mai gona, ba a taɓa shi sai an kawo mai shi ya faɗa da bakinsa. Rawaya, wanda ba a sani ba, a kewaye shi a wuce. Madam ta ce ni zan danna.  Na danna, jan nan ya ja da baya, kore ya ɓullo ko ina kamar bayan ruwan farko. Na matso da ƙauyenmu. Uku, kore shar.

Ranar da katafila ta iso gonar Baffa Isa, da hantsi, na ɗauko Inna daga Gusau. Duk hanya ina shirya yadda abin zai kasance: za ta dafa gindin itace, ta tuna Baba, ta ce ko ganye ba a taɓawa, ni kuma in yi kuka. Muka tarar da Baffa tsaye da fartanya a kafaɗa, fuska a murtuke, mutanen gari sun taru. Direban ya sauko da na'urarsa, ya duba, ya ce itace uku kore, wace ce Malama Hauwa? Inna ta gyara mayafi ta matso. A iya sanina, wannan ne karo na farko da wani baƙo ya kira ta da sunanta a kan abin da ta mallaka. Baffa ya ce:

"Yaya, ni ban ce ba naki ba ne. Amma ki duba ta tsakiyar nan. Tarakta za ta yi ta zagaye kamar mai ɗawafi. Geron da ke ƙarƙashinta ko tsayin akuya ba ya kaiwa."

"Isa, da bakinka kake da shi tuntuni, mi ya hana ka zo ka ce min? Sai ka aiko min ƙarfe?"

"Na ji nauyi."

"Awo. Nauyin magana ka ji, ba ka ji na katafila ba."

Mutane suka yi dariya, shi ma ya sunkuyar da kai yana murmushi. Inna ta taka a hankali ta zagaya itatuwan, ta ɗaga kai ta dubi kowanne. Ta dawo ta ce wa direban biyun gabas ko ɓawonsu kada ya kuskura. Ta tsakiya kuwa ta tsufa, 'ya'yanta ba sa cika ƙwarya, Isa kuma na da baki da yawa a gida. A cire ta. Itacen a kai wa matan gidan Isa su yi girki.

Na kama hannunta na ja ta gefe. Na ce Inna, ba ke kika gaya mini a ƙarƙashin ta tsakiyar nan Baba ya tsaya ya nuna miki su ba? Na ce saboda ita na fasa zuwa Kaduna.

"A nan ya tsaya. Amma babanki ba ya cikin itace, Bilki."

Ta dubi katafilar, ta dubi ni.

"Da sun tumɓuke ta ba su tambaye ni ba, da ban yafe ba har gaban Allah. Yanzu ni na bayar. Danna a abin naki. Ki sa Hauwa ce ta ce."

Na karɓi na'urar direban na danna. Ɗigon ya koma ja a hannuna. Direban ya hau ya tayar da inji, ƙasa ta ɗauki rawa. Inna ta juya wa gonar baya, ta kama matar Baffa da hira da ƙarfi a kan yadda ake wanke kalwa, wai matan yanzu ba sa bari ta dahu. Da itacen ya tafi ƙasa kowa ya waiwaya, har ni. Ita ba ta waiwaya ba. Sai dai maganar ta tsinke mata a tsakiya, ta riƙe hannuna gam har ƙarar ta lafa. Sannan ta ce wa matar Baffa, ina muka tsaya, ta ɗora daga inda ta bari.